Takardar Korar Malami

"Rubuta wa jami'arsa da Turanci mai kyau," na ce wa 'yata. "Mu 'yan Arewa mazauna Doha muna so a sallame shi."

Malami ne ɗan garinmu. Ya faɗa a zaurenmu na WhatsApp cewa mu muka jawo wa kanmu koma-baya. Duk mun san in aikinsa ya tafi, izinin zamansa ya tafi, ga 'ya'ya uku a makaranta.

Kafin shayina ya huce ta miƙo takardar: an raina mu, an cutar da mu, ba za mu zauna da shi ba. Mu arba'in muka sa hannu, na tura.

"Yaushe kika ƙware haka?"

"Ba sabuwa ba ce, Baba. Ita ce wadda ƙungiyarmu ta kare haƙƙin mata ta rubuta bara a kan malaminmu, har ka ce aikin marasa tarbiyya ne. Sunaye kawai na canza."

Na kasa dubanta.

"Shi wancan malamin fa?"

"Sun koma gida, shi da iyalinsa."