Zane Uku

Zane uku nake bin matar ɗana. Ban yi boko ba, amma ko allura ce ta fita daga akwatina sai na sani.

Ranar Laraba ta ari ɗaya, Alhamis ta ƙara, Juma'a ma haka. Tana karɓa sai ta koma ta kwanta, wai mara da baya. Na ce lalaci ne. Har ƙofarta na tsaya, maƙwabta na ji:

"Mu da muka haifi tara ba mu kwanta ba, sai ke da ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba?"

Na juya na koma ɗakina.

Yau da hantsi ta shigo tana dafa bango, leɓɓanta fari fat. Ta durƙusa ta ajiye biyu, wankakku. Na warware ɗaya, yadda nake wa kowane aro. A tsakiyarsa ga tabon jini, faɗin faranti, sabulu ya kasa fitarwa. Na san tabon nan, sau biyu na taɓa wanke irinsa.

Amma bakina ya riga ni: "Na ukun fa?"

"Inna, ki yi haƙuri, nawa duk sun jiƙe. Jiya cikin ya zube, wata huɗu. Ɗanki ba ya gari, ke kuma nauyinki nake ji. Na ukun ya fi laushi, a ciki na naɗe ɗan tayin. Zan biya."

Ni mai ƙirga komai a gidan nan, watanninta ne kaɗai ban ƙirga ba.