Rakiya Bayan Jiniya

Tun da garkuwar maganaɗisun duniya ta yi rauni, kowa a Gumel ya san doka: jiniya na kaɗawa, iska mai ƙuna daga rana ta taso, minti goma ya rage a shige ɗakin ƙasa. Murfinsa in ya rufu, sai gobe.

Jiniya ta kaɗa, Uwani ta ga mahaifinta yana saka takalmi, zai raka amininsa Malam Nomau.

"Baba, ba ka ji ba ne?"

"Shekara arba'in ban bar shi ya fita shi kaɗai ba. Bakin titi kawai."

"Iskar ta san zumunci ne?"

"Ke da bokonki!"

Minti goma ya cika, 'ya'yanta suna kuka a ƙasa, ta ja murfin ya rufu.

Can ta ji bugu da muryoyi biyu. Malam Nomau ne ya rako mahaifinta gida.