Igiyar Gugan Iya

Shekarar da naira ta fito, duk ƙasar Gumel babu ɓarawon shanu kamar Mati, kuma babu mai zarginsa. Mahaifiyarsa Iya ta ɗauka dillanci yake yi, har alfahari take da shi a bakin rijiya.

Aikin banza ne, amma ya iya shi. Ranar kasuwar Maigatari, da maza suka watse daga ƙauye, ya kwance bijimin noman maƙwabcinsu Malam Sa'idu. Ya bi da shi ta burtali, sawunsa ya saje da na dabbobin kasuwa. Kafin la'asar ya sayar da shi a tsallaken iyaka. Masu bin sawu suka dawo hannu rabbana.

Saura igiyar bijimin. Doguwa ce ta rama, sabuwa fil. Mati ya ɗaga hannu zai jefar, kwaɗayi ya ce asara ce. Ga igiyar gugan Iya duk ƙulli.

"Iya, ga tsaraba," in ji shi.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, tana murna.

Gwanin da ya ɓatar da sawun bijimi bai tsaya ya dubi igiya ba. Malam Sa'idu da hannunsa yake tufka igiyarsa, kuma kullum sai ya sa jan zare a ciki.

Da safe Iya ta zura guga. Laure, matar Malam Sa'idu, ta cafke igiyar.

"Iya, wannan ai ta bijiminmu ce! A ina kika samo ta?"

Mata suka yi cirko-cirko. Tsohuwa ta buɗe baki, ta tuna wanda ya ba ta, ta yi shiru. Aka tasa ta gaba har ƙofar mai gari, ana nuna ta da baki.

Can Mati ya iske ta durƙushe, ta rufe fuska da mayafi, ta ƙi faɗin sunansa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ba ta san komai ba."

Da za a wuce da shi gaban alƙali, Iya ko kallonsa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe sata na sa wa albarka."

Har ta koma ga Allah ba ta sake taka bakin rijiyar nan ba.

Jama'a, komai wayon ɓarawo, kwaɗayin da ya kai shi sata shi zai tona masa asiri. Kunyar kuwa ba shi kaɗai take ci ba, har wadda ta haife shi.