Lantana Mai Dilka da Ƙwayar Likita

Ke da kike ta jujjuya kwalbar maganin nan kina tsaki, wai ƙwayar ta yi ƙanƙanta kuma ba ta aiki, ajiye ta ki ba ni kunnenki.

A Funtuwa an yi wata mata, Lantana, mai gyaran amare. Dilka, halawa, lalle, turare, babu wanda hannunta bai faɗa ba. Ita kuwa sana'ar nan, fuskar mai yin ta ita ce tallarta, don uwar amarya ba ta miƙa 'yarta sai ta ƙare wa mai gyaran kallo tukuna. To, Lantana ta haura arba'in, har ta aurar da 'ya, sai ga ƙuraje sun feso mata a kumatu da haɓa da karan hanci, irin waɗanda ko tana budurwa ba ta yi ba. Da ƙurajen kaɗai ne ma da sauƙi. In ta shiga rana ko ta tsaya gaban murhu, sai fuskar ta ɗauki raɗaɗi kamar an shafa mata barkono. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta koma jan mayafi har bisa hanci, da an yi sallama a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta tafi wurin likitar fata. Likita ta duba ta, ta ba ta wata 'yar ƙwaya wadda ba ta kai wake ba, ta ce, "Guda ɗaya kullum da safe, ba ƙari, ba tsallake. Abin zai ɗauki watanni. Kada ki murje fuskar nan, kada ki kai ta ga zafi." Lantana ta dubi ƙwayar a tafin hannunta, a ranta ta ce, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta yi maganin duk wannan?

Ta dai fara sha. Makonni suka shuɗe, raɗaɗin ya soma lafawa, sababbin ƙurajen suka yi ƙaranci. Amma ina! Wadda take duba madubi bini-bini ai ba ta ganin sauyi. Ana cikin haka sai ga saƙo daga Hajiya Gambo, matar wani babban dillalin auduga, cewa za ta aurar da 'yarta bayan babbar Salla, kuma tana nan tafe su yi magana. Duk mai gyaran da ta shiga gidan nan, amaren dangin kaf nata ne, wadda aka tsallake kuwa gari duka sai ya ji dalili. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Lantana daɗi. Tana cikin kwaɓa lalle sai ta yi tsam, tana saƙawa tana kwancewa: in Hajiya ta ga fuskar nan me za ta ce? Wadda ta kasa gyara kanta ce za a ba 'yar mutane?

Sai ilmin sana'arta ya yi mata raɗa a kunne. A wurinta, lalle in bai kama ba ƙara shi ake yi, fata in ta yi kaushi murje ta ake yi. Abin da ta sani ke nan tun tana yarinya, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Ta shiga watsa ƙwayoyin nan a baki safe, rana da yamma. Ta kwaɓa dilka mai kauri ta murje kumatunta iya ƙarfinta, sannan ta lulluɓa da bargo bisa tukunyar ruwan zafi ta yi surace, yadda take yi wa amarenta. Wayyo Lantana! Kafin a je ko'ina zuciyarta ta soma tashi, ciki ya murɗe, fuskar ta kumbura suntum, ƙurajen da suka fara kwanciya suka fashe suna ruwa.

A haka Hajiya Gambo ta iso. Suka gaisa, Lantana na magana ta cikin mayafi. Hajiya ta ce, "Haba Lantana, sauke mayafin mana, ai mu duka mata ne." Babu yadda za ta yi, ta sauke. Hajiya ta ƙare wa fuskar kallo. Sannan ta ce, "Ayya, sannu. Allah ya ba ki lafiya." Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba, maganar biki kuwa ba ta ma taso ba.

Da Lantana ta koma asibiti, likita ta ɗaga haɓarta ta duba, ta girgiza kai. Ta ce, "Ai da kin kusa. Da kin bar maganin ya yi aikinsa, kafin Salla sai an matso kusa da ke sosai za a ga tabo." Yanzu kuwa sai an fara jinyar raunin da ta yi wa kanta, sannan a koma farko, kamar ba a taɓa sha ba. Ranar bikin, motocin ɗaukar amarya suka bi ta bayan katangarta ana rangaɗa guɗa, amaryar ta sha gyara a hannun wata. Lantana na zaune a inuwa da kofin ruwa, ta haɗiye ƙwayarta guda ɗaya tana share hawaye.

To kin ji. Ɗauki kwalbarki, ki sha ɗayar da aka ce miki, gobe ma ki sha ɗaya. Ba a banza Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa ba.