Banki Bai San Ramlatu Ba

Ruwan ambaliya ya janye daga gidan su Ramlatu a Gummi, amma ya bar injin matsar man gyaɗarta cike da laka. Bakanike ya buɗe shi, ya girgiza kai, ya ce sai dai sabo. Ga kaka ta ƙarato, kuma duk mai sana'ar mai ya san wanda bai tara gyaɗa lokacin arha ba, shekararsa ta tafi.

Ramlatu ba ta karaya ba. Ita ce wadda ta gama sakandare ta ƙi zaman jiran aiki, ta fara da turmi da tukunya ɗaya, har ta kai 'yan kasuwa daga Anka da Bukkuyum suna aiko da jarkoki tun kafin mai ya huce. Ta ji labarin bankin da ita da yayanta suke da asusu, wanda ba ya karɓar kuɗin ruwa, yana ba masu sana'a katin lamuni, su sayi kaya su biya a hankali. Ta ce a ranta, in ciniki ake dubawa, ai ita ce a gaba.

Sai dai duk shekarun nan kuɗin cinikinta ba asusunta suke shiga ba. Tun farko Inna ta hana.

"Ɗiya mace ta riƙa raba ma maza sunanta da lambarta? Ina kunya? Ga yayanki Mas'ud, a tura mai."

Haka aka yi. Masu saye su tura wa Mas'ud, shi kuma ya ciro ya kawo mata cif-cif. Bai taɓa rage mata komai ba, shi ya sa ba ta taɓa ganin aibin abin ba.

A banki, ma'aikacin da ya saurare ta, Malam Almustapha, ya daɗe yana duba na'ura kafin ya ɗago.

"Malama Ramlatu, ba ƙaryata ki nake ba. Mu ma a gida manki muke ci. Amma banki ba ya cin ƙuli-ƙuli. Abin da yake dubawa shi ne daɗewar hulɗarki da mu, da yadda kuɗi ke shiga suna fita. Asusunki kuwa tun da kika buɗe shi don kuɗin jarrabawa yake barci."

"To nawa za ku ba ni?"

Ya faɗa mata. Ko buhun gyaɗa ba zai saya ba, balle inji.

"In kika fara hulɗa da mu, zai ƙaru sannu a hankali," in ji shi.

"Malam, kaka ba ta san sannu a hankali ba."

Ta fito ba ta ko gyara mayafi ba. A hanya wata dabara ta faɗo mata: tunda Mas'ud banki ya sani, sai ya karɓi katin da sunansa, ita ta biya. Ta same shi a zaure yana wanke babur.

"Yaya, tashi mu tai banki. Kai sunka sani, kai za su ba."

Mas'ud ya ci gaba da goge tayar da ta riga ta fita tas.

"Katin ga ai na daɗe da amsa. Su sunka kira ni bara, sunka ce ni babban ɗan kasuwa na, sunka buɗe mani shi da yawa."

"Da wace kasuwar, Yaya?"

Ya ce shi da abokinsa Lauwali sun zuba kuɗin a wani ramin zinari can wajen Bukkuyum. Rami ya ba da ƙasa da duwatsu. Har yau biya yake, kuma banki ya rufe masa ƙofa sai ya gama.

"Amma Allah na gani, Ramlatu, ko kwabonki ban taɓa ci ba."

"Gaskiya na, ba ka ci kuɗina ba. Sunana kac ci."

Inna ta leƙo daga tsakar gida. "Ke, sassauta murya, maƙwabta na ji! Ɗan'uwa rabin jiki na. Ki rufa mai asiri."

Ramlatu ta dubi mahaifiyarta. Ta juya ta shige cikin gida.

Kaka ta zo ta wuce. Tana gani amalanke na wucewa da buhunan gyaɗa zuwa gidajen wasu. 'Yan kasuwar Anka suka kira, suka sake kira, daga nan suka daina. Matan unguwa da ke taya ta aiki suna samun na cefane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ranar da 'yan gwangwan suka zo suka ɗora injin a sikeli suka saye shi a kuɗin ƙarfe, ta tsaya a kansu har suka ɗaure shi a kura. Ba wanda ya ga hawayenta.

Yanzu a gidan Marka take aikin ƙodago, matar da a da ita ke zuwa sarin mai a wurinta. Tana murza ƙuli-ƙuli da hannu har tafinta ya yi kanta. Wasu su ce, "Ashe 'yar boko ma na durƙusawa gaban kasko?" Sai ta ce, "Tana yi, kuma tana tashi."

Da Marka ta miƙo mata ladan farko a ƙulle cikin leda, Ramlatu ta mayar mata.

"Tura mani ta asusu, Marka."

"Wannan ɗan abin? Ko a tura ma Mas'ud?"

"Ramlatu Salihu. In karanto maki lambar."

Jama'a, banki ba ya sanin gumi, hulɗa ya sani, kuma gwargwadon hulɗarka gwargwadon abin da zai yarda ya ba ka. Duk wanda ya bar cinikinsa yana bi ta asusun wani, to wani yake gina wa suna, kuma ranar buƙata shi zai tsaya a waje. 'Yar'uwa, neman halal da sunanki ba rashin kunya ba ne.