Magen da Aka Yar a Zauren Iya Dije

Tun da hukuma ta fara dasa wa maguna 'yar na'urar saurare a kunne, kowa a garin ya kori tasa. Iya Dije kuwa ba ta iya tsallake mage mai jin yunwa. Da safe ta tsinci wata ramammiya a zaure, ta zuba mata nono a murfin kwano.

Maƙwabciyarta Lantana ta shigo, ta zauna a tabarma.

"Iya, ki rabu da ita. Yanzu ba yar da mage ake yi ba, aiko ta ake yi. Ga shi ana neman ɗanki Tanimu ruwa a jallo."

"Allah ne ya aiko ta," in ji Iya.

Lantana ta rage murya. "Wai har yanzu yana wajen kawunsa?"

Iya ta buɗe baki ke nan, sai magen ta bar nonon, ta haye cinyar Lantana, ta lafe kamar wadda ta dawo gida. Kafin Lantana ta farga, hannunta har ya fara sosa mata wuya.

Iya ta dube su su biyun.

"Wane kawu?" in ji ta.