Kitse a Bakin Taga

Da aka sallamo Tan Deshun daga asibitin gunduma, likita ya ja wa matarsa Guifen kunne: ban da giya, ban da kitse. Wai akwai wata 'yar tsoka bayan tumbi mai zubo ruwan narkar da abinci, to tasa ta kumbura. In ta sake kumbura, sai dai a nemi mai akwatin gawa.

Guifen ba ta buƙaci dogon bayani ba. Shekara ashirin tana yaye 'ya'yan alade, ta san cikin da ya saba da ruwa-ruwa ba a yi masa dirar mikiya da maiƙo. Nata ba sa mutuwa.

Ta ɗora mijin kan kunun shinkafa tsararo, safe da yamma. Ƙaton da in ya sha ya bugu ƙauye ke rufe ƙofa, wanda ya bar mata hannun hagu a karkace, ya dawo yana lasar cokali kamar mage.

"Ke tsohuwar banza, ko aladunki sun fi ni cin daɗi!"

"Su ai kasuwa za su, tsoho. Kai wa zai saye ka?"

Wata biyu ana haka. Ciki ya saba, mutum ya fara takawa har bakin gonar shinkafa.

Sai aka fara ajiye masa kwano a bakin taga, da hantsi, lokacin da Guifen ke can wajen aladu. Naman ciki ne, kitse zalla, an dafa shi ya yi ja yana rawa. Deshun bai tambayi kowa ba. Ya san uwarsa, gidanta na bayan nasu, kuma tun yana goyo ba ta iya ganin yana haɗiyar yawu.

Ranar da Guifen ta tsinci kwanon a ƙarƙashin gado, har tsallaken rafi an ji ta.

"Inna, kashe shi za ki yi?"

Tsohuwa uwar Deshun ta rantse da kabarin mijinta ba ita ba ce. Wa zai yarda? Guifen ta sa ƙusa a tagar. Deshun ya zare ƙusar da haƙori, don haƙoransa dai lafiya lau suke.

Kwano ya ci gaba da zuwa. Wata safiya ya dunƙule a ƙasa yana riƙe da ciki, yana kiran uwarsa. Ko hanyar gunduma ba a kai ba ya cika.

Wajen cin abincin makoki babu mai zama kusa da tsohuwa. Guifen kuwa mata sai shafa mata baya suke.

Can sai ga Kurma Qiu, mahaucin kasuwar bayan dutse, wanda ba ya jin komai, in zai yi magana kamar yana kiran jirgin ruwa. Ya rusuna wa gawa sau uku, ya juyo wajen Guifen.

"Sannu, ƙanwata! To yanzu kitsen cikin nan da kike zuwa karɓa kullum da sassafe, in ci gaba da ajiye miki ko in sayar?"